Taskar Levy: rumbun tsofaffin takardun waƙa da ya kamata mawaƙan Kaduna su leƙa

Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka ta ɗora wani rumbun takardun waƙa a intanet, sunansa Lester S. Levy Sheet Music Collection. Takardu ne kimanin 30,000, daga na 1780 zuwa na 1980. Mutum ɗaya ne, Lester Levy, ya shafe fiye da shekara 50 yana tara su, sannan ya fara miƙa wa jami'ar a 1976. Shiga kyauta ne, ba rajista, ba katin banki. Ka rubuta sunan taskar a manhajar bincike, shafin zai fito.

Da farkon gani, mawaƙin da ke zirga-zirga tsakanin situdiyon Tudun Wada da na Unguwar Rimi zai ce me ya haɗa shi da takardun Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakansa. Ga shi ba ya karanta alamomin kiɗa, ga shi yawancin takardun ba sauti tare da su. Amma amfanin wannan rumbu ga mutanenmu ba a cikin alamomin kiɗan yake ba. Yana kan bango da ƙasan shafin farko, inda aka rubuta wanda ya tsara baiti, wanda ya sa kari, wanda ya rera, wanda ya buga, da wanda ya mallaka. Wanda ya iya karanta waɗannan layuka biyar zai ga da idonsa yadda aka fara mayar da waƙa haja, da yadda kuɗinta ke zamewa daga hannun mai ita.

Kafin faifai da rediyo su yi ƙarfi, waƙa a takarda ake sayar da ita. Gidajen masu hali a Amurka suna da fiyano a falo, sai a sayo takardar sabuwar waƙa, ɗiyar gida ta kaɗa, sauran su yi amshi. Takardar ba ta da yawa: bango mai hoto, shafi uku zuwa biyar na alamomi da baitoci a ƙarƙashinsu, sai bayan bango inda kamfani ke tallar sauran kayansa, sau da yawa da layukan farko na wata waƙar don ka gwada a fiyano ka ji ta shiga ranka. Wannan takarda ita ce kaset ɗin wancan zamani.

Kowace takarda a taskar tana da katin bayani, kuma a nan aikin ma'aikatan ɗakin karatun ya cancanci yabo. Katin yana ba da sunan waƙa, mai kari, mai baiti, kamfanin da ya buga da garinsa, shekara, tsarin waƙar, kayan kiɗan da aka rubuta ta dominsu, layin farko na baiti, layin farko na amshi daban, mawaƙin da ya yi fice da ita, mai zanen bango, tallan da ke baya, lambar farantin bugu, da lambar akwatin da takardar take ciki. Raba layin baiti da na amshi ba ƙaramar dabara ba ce, domin mutane amshi suke riƙewa, sunan waƙa kuwa yakan ɓace musu. In takardar ta fita daga kariyar haƙƙin mallaka, za ka ga hoton kowane shafi, kuma kana iya sauke ta a PDF.

Mai son fahimtar sana'ar ya fara da Stephen Foster, marubucin waƙoƙi ɗan Amurka. Nemi "Old Folks at Home" ta 1851, ka duba tsofaffin bugunta. Bangon ya ce E. P. Christy ne ya tsara ta. Christy shugaban ƙungiyar 'yan wasa ne, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Ya ba Foster 'yan daloli ne aka sa sunansa. Da waƙar ta game gari, Foster ya rubuta masa a 1852 yana neman a mayar masa da sunansa, bai samu ba. Sai a 1879, shekara 15 bayan mutuwarsa, sunansa ya hau bangon. Kafin nan, "Oh! Susanna" ta 1848 ta kawo masa dala 100 kacal, alhali kamfanoni barkatai sun yi ta buga ta ba izini. Ya samu yarjejeniya mai kyau da kamfanin Firth, Pond a 1849, ta santi 2 kan kowane kwafi, amma da bashi ya taso shi gaba a 1857 sai ya sayar da haƙƙinsa na gaba gaba ɗaya kan kuɗin da bai kai dala 2,000 ba. Ya rasu a asibiti a New York a 1864 da santi 38 a aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya san yadda ake sayar wa furodusa waƙar fim a biya sau ɗaya a tashi, ko yadda ake goge sunan yaron da ya rubuta baiti a sa na maigida, ba ya bukatar a fassara masa wannan bango.

Daga nan ka koma kan Charles K. Harris, wanda ya bi ta ɗaya hanyar. An ce wata waƙarsa da ya ba kamfanin Witmark ta kawo masa santi 85, abin ya ba shi haushi ya buɗe nasa kamfanin a Milwaukee. A 1892 ya buga "After the Ball" da kansa. Waƙar soyayya ce mai ban tausayi, baiti uku dogaye da amshi ɗaya, labarin tsohon da bai yi aure ba saboda zargin da ya yi wa masoyiyarsa bisa kuskure. Harris ya biya wani mawaƙi, J. Aldrich Libbey, dala 500 da wani kaso don ya cusa ta cikin wasan dandali da ake yawo da shi gari-gari, ya kuma sa hotonsa a bango. A 1893 'yan badujalar John Philip Sousa suka yi ta kaɗa ta a bajekolin duniya na Chicago. Ta sayar da miliyoyin kwafi, ana ƙiyasta miliyan 5 a ƙarshe. A bangonta suna ɗaya ne a wajen mai tsarawa da wajen mai bugawa. Ka ajiye wannan bango kusa da na Foster a allon kwamfuta, darasin ya kammala ba tare da malami ba.

Bayan Harris ne adireshin da ke ƙasan bango yake fara ba da labari. Za ka ga kamfanoni suna taruwa a New York, da farko kusa da dandalin Union, sannan a titi na 28 ta yamma, tsakanin Fifth Avenue da Sixth Avenue, inda Witmark ya koma a 1893. Wannan ɗan layi shi ake kira Tin Pan Alley, wato lungun kwanon gwangwani, saboda hayaniyar fiyano masu arha da ke tashi ta kowace taga lokaci guda. Galibi ana danganta laƙabin ga wani ɗan jarida kuma marubucin waƙa, Monroe Rosenfeld. Waɗanda suka kafa kamfanonin da yawansu 'yan tireda ne: Edward Marks maɓallai yake sayarwa, Joseph Stern lakataya, Leo Feist rigunan ɗaure ƙugu na mata. Sun shigo da dabarun kasuwa cikin waƙa. Suka ɗauki marubuta aiki da albashi, suka ajiye masu shirya kiɗa don mawaƙin da ke da kari a ka amma bai iya rubutawa ba, suka buga kwafi na musamman a takarda mai arha ba bango suna raba wa 'yan wasa kyauta. Sai kuma 'yan tallan waƙa, waɗanda aikinsu shi ne zama a kanti ko shiga gidan rawa su yi ta kaɗa waƙar kamfani har ta zauna a kunnen jama'a. George Gershwin da wannan aiki ya fara a kamfanin Remick a 1914, yana ɗan shekara 15, a kan dala 15 a mako. Masu tura waƙa a waya a Kasuwar Barci da masu kiɗan biki da ake bai wa sabuwar waƙa kafin ta fita, aikin da suke yi ke nan, sai dai a can kamfani ne ke biya kuma kamfani ne ke girba.

Akwai wata al'ada da bangon ke fallasawa in ka lura: waƙa mai baiti biyu da amshi, amma sunaye uku ko huɗu a wajen marubuta, ɗaya daga ciki na fitaccen mawaƙin da hotonsa ya cika bangon. Sau da yawa wannan suna kuɗin rerawa ne. Ana sa shi cikin marubuta don ya riƙa samun kaso muddin ana sayar da waƙar. Al Jolson ya yi suna da wannan. Biyan mawaƙa ya yi yawa har kamfanonin da kansu suka kafa ƙungiya a 1917 don su hana juna, abin bai hanu ba.

Karanta bango yana da 'yan ƙa'idoji da shafin ba ya koya maka, kuma wannan yana cikin gazawarsa. Shekara sau da yawa da lambobin Rumawa aka rubuta ta: MDCCCXCII ita ce 1892, MCMXI ita ce 1911. Ƙaramar lamba a cikin tauraro ko da'ira a bangon ƙarni na 19 farashi ne, ana ninka ta da santi 10: lamba 5 tana nufin santi 50, 3½ kuma santi 35. Dogon layin da ke cewa an yi rajista a ofishin akawun kotun gunduma alama ce ta kafin 1870, domin daga wannan shekara rajista ta koma Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka. In ka ga an ambaci kariya a ƙasashen waje ko rajista a Landan, galibi bayan dokar 1891 ce, wadda ta fara bai wa marubutan wasu ƙasashe kariya a Amurka. Girman takarda ma shaida ne: tsofaffin sun kai kusan santimita 27 a faɗi da 34 a tsawo, sai ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka rage, daga baya aka tsaya a kusan 23 da 30. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar shekarar haƙƙin mallaka a matsayin shekarar da aka buga kwafin da ke gabansu. Waƙar da ta karɓu akan yi shekaru ana sake buga ta da farantin farko, bango ne kawai ke sauyawa. Tallan da ke baya shi ke tona asiri: in yana tallar waƙar 1897, to kwafin bai girmi 1897 ba, ko da gaban ya ce 1892.

Wanda zai buga a takarda ya kula da girma. A4 faɗinta santimita 21 ne, don haka tsohuwar takarda za ta ragu zuwa kusan kashi 78 cikin 100, kuma ƙananan rubutun ƙasan shafi, waɗanda su ne abin nema, sukan dushe. A shagon buga takardu ka nemi A3 don bango da shafin farko, sauran shafukan su tafi a A4 baƙi da fari. Ka tabbatar an zaɓi daidaita hoto da shafi kafin a danna, in ba haka ba injin zai yanke gefe, kuma layin haƙƙin mallaka a gefen yake. A waya hotunan suna buɗewa, amma karanta alamomi a ƙaramin allo azaba ce, kuma bangon launi yana cin data. Gara a sauke PDF sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, a sa wa fayil suna da shekara da kamfani, a daina buɗe shafin kullum.

Maganar ji kuwa, hanya biyu ce. Ta farko, National Jukebox na Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, wanda aka buɗe a 2011 da faya-fayai fiye da 10,000 na kamfanin Victor daga farkon ƙarni na 20 zuwa 1925. Shi ma kyauta ne. Ka buɗe takarda a taga ɗaya, faifai a ɗaya, ka bi da ido. Sautin yana da ƙura kuma ba kauri, domin a lokacin cikin ƙaho ake rerawa ba makirufo, ƙarfin murya ne ke motsa allurar da ke yanka faifai. Ta biyu, manhajar MuseScore, wadda ake saukewa kyauta: a shigar da alamomin amshi kaɗai, yawanci gaɓa 16 ko 32, ta kaɗa maka, a fitar da MIDI, wato fayil ɗin alamomin kiɗa da na'ura ke karantawa, a zuba a fiyanon situdiyo. In ba mai karanta alamomi a kusa, Kaduna ba ta rasa su ba. Masu koyar da mawaƙan coci da tsofaffin 'yan badujala na soja da 'yan sanda wannan karatunsu ne na yau da kullum.

Inda taskar ta fi rauni shi ne ba ta ba da labarin doka, alhali rabin tarihin a kotu aka yi shi. Dokar Amurka ta fara ambaton kiɗa cikin abin da ake karewa a 1831, amma kariyar ta takarda ce. Da aka ƙirƙiro fiyano mai kaɗa kansa da naɗin takarda mai huji, Kotun Ƙoli ta yanke a 1908 cewa wannan naɗi ba kwafi ba ne tunda mutum ba ya iya karanta shi. Majalisa ta gyara a 1909: duk wanda ya naɗi waƙar wani a faifai ko naɗin fiyano zai biya santi 2 kan kowane kwafi. Wannan santi 2 bai motsa ba har 1978. Sai maganar kaɗawa a bainar jama'a. Faransa ta riga kowa: a 1847 wani marubuci, Ernest Bourget, ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha a wani gidan shan shayi na Paris saboda ana kaɗa waƙarsa ba a biya shi ba, ya yi nasara a kotu, aka kafa SACEM, ƙungiyar karɓar wa marubutan waƙa kuɗin kaɗa waƙoƙinsu, a 1851. A Amurka an kafa irinta, ASCAP, a Fabrairun 1914, Ingila ma ta kafa PRS a shekarar. A 1917 mai tsara kiɗa Victor Herbert ya kayar da gidan abincin Shanley a Kotun Ƙoli, inda alƙali Holmes ya nuna cewa ko ba a karɓi kuɗin shiga ba, kiɗan yana cikin abin da mai cin abinci yake biya. Wannan hukunci shi ne tushen hujjar da ake bi yau a ce otal da gidan rediyo da zauren biki su biya kuɗin lasisi, aikin da a Najeriya ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu take da izinin yi daga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Ba za ka ga ko ɗaya daga cikin wannan a katin bayani ba, dole malami ko mai karatu ya kawo shi daga waje.

Akwai kuma abin da ya wajaba a faɗa wa duk wanda zai buɗe shafin a gaban ɗalibai. Kaso mai yawa na takardun ƙarni na 19 da farkon na 20 na wasannin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata ne, da zane da kalmomi na wulaƙanci tsantsa. Christy ɗin nan da irin wannan wasa ya yi arziki. Daidai ne da aka adana su, domin ɓoye su ƙarya ce, amma binciken ba ya tace su, suna iya faɗo maka a tsakiyar neman wani abu daban. Malami ya zaɓi takardunsa tun a gida. A gefe guda, cikin rumbun akwai aikin baƙaƙen fata da suka kutsa kasuwar da ƙarfinsu. Scott Joplin ya ƙi sayar da "Maple Leaf Rag" a biya sau ɗaya, ya ƙulla da mai buga takardun waƙa John Stark na garin Sedalia a 1899 kan santi 1 a kowane kwafi, kuma wannan santi ɗaya ya riƙa shigo masa har ƙarshen ransa a 1917.

Masu kiɗa za su tambaya ko ana iya ɗaukar karin waɗannan waƙoƙi a ɗora baitin Hausa. A nan a yi hattara. Shafin da dokar Amurka yake aiki, inda waƙar wancan zamani take fita daga kariya bayan shekara 95 da bugawa. Na 1929 sun fita ranar 1 ga Janairun 2025. Dokar Najeriya ta 2022 kuwa lissafinta daban ne: shekara 70 bayan mutuwar mai waƙa, faifan da aka naɗa kuma shekara 50. Foster da Joplin da Harris, wanda ya rasu a 1930, sun fita ta kowace fuska. Irving Berlin kuwa, duk da ya fara tun 1907, sai 1989 ya rasu, saboda haka ganin takardarsa a buɗe a shafin ba izini ba ne na kai ta ko'ina. Sannan ko kari ya zama na kowa, sabon naɗin da wani ya yi masa ba na kowa ba ne. Ka kaɗa da hannunka, kada ka yanko daga faifan wani, in ba haka ba YouTube zai kama.

Ba a cewa tsarin Tin Pan Alley ya dace da waƙar Hausa ɗari bisa ɗari. Shata da Ɗanƙwairo ba da sayar da kwafi suka rayu ba, da kyautar iyayen gida da ta masu biki suka rayu, kuma aron kari tsakanin makaɗa tsohuwar al'ada ce da ba a ɗauke ta sata ba. Amma wanda ke ɗora waƙa a Audiomack ko Boomplay ya riga ya shiga kasuwar da aka gina kan dokar 1909 da hukuncin 1917, inda waƙa kadara biyu ce: tsarin baiti da kari daban, naɗin sauti daban, kowanne da kuɗinsa. Yawancinmu na biyun kaɗai muke bi.

Taskar ta fi amfani ga malaman koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da masu shirya shirye-shiryen rediyo, da lauyoyin da ke rubuta wa mawaƙa yarjejeniya. Mai neman waƙar saurare kawai zai gaji cikin minti biyar. Ga mai situdiyo kuwa, abin ɗauka nan take shi ne katin bayanin kansa. A kwafe shi a takarda ɗaya, a cike kafin kowa ya bar ɗakin naɗi: sunan waƙa, layin farko na amshi, wanda ya rubuta baiti, wanda ya sa kari, wanda ya buga kiɗa, masu rerawa da 'yan amshi, ranar naɗi, kason kowa cikin ɗari a tsarin waƙa, da wanda ya mallaki naɗin. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. In kuma sayarwa za a yi gaba ɗaya, dokar Najeriya ba ta amince da miƙa haƙƙin mallaka ba sai a rubuce, don haka takardar ta fayyace ko naɗin kaɗai aka sayar ko har da baiti da kari, da adadin shekarun.